Louis Jouvet (1887-1951): Daga Dandalin Wasa Zuwa Ajin Koyarwa

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin rayuwar Louis Jouvet, ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar Faransa, wanda aka naɗa malami a babbar makarantar horar da ƴan wasa ta birnin Paris, wato Conservatoire, cikin shekara ta 1934. Galibin masu karatu da Faransanci sun san shi ta wasan Knock ko ta finafinan da ya fito ciki. Mu kuwa, a matsayinmu na masu nazarin harshe, abu biyu ne suka ja hankalinmu zuwa gare shi. Na farko, makarantar da ta kira shi ya koyar da magana ita ce ta ƙi karɓarsa sau uku lokacin da yake saurayi, saboda yadda yake magana. Na biyu, darussan da ya bayar da baki cikin 1939 da 1940 sun iso gare mu a rubuce, kalma bayan kalma, abin da ba a cika samu ba cikin tarihin koyar da wasa.

Abin da muke son nunawa shi ne, duk koyarwar Jouvet ta ginu a kan tazarar da ke tsakanin jimlar da ke kan takarda da jimlar da ke fita daga bakin mutum, kuma ya san wannan tazara ne a jikinsa kafin ya san ta a aji. Za mu fara da tasowarsa da aikinsa na dandali, sannan mu dubi abin da ya koyar, daga nan mu waiwayi shekara ta 1940 da mutanen da suka kasance tare da shi cikin ajin.

2. Tasowa da neman shiga makaranta

An haifi Jouvet ranar 24 ga Disamba 1887 a Crozon, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Bretagne. Yana da shekara 14 mahaifinsa ya rasu a wani haɗari a wurin aiki, sai mahaifiyarsa ta koma da shi wajen danginta a Rethel, cikin yankin Ardennes. Kawunsa mai haɗa magani ne, saboda haka dangi suka zaɓa masa wannan sana'a. Cikin 1904 ya tafi Paris karatun farmasi, kuma bai yar da shi ba har ya sami takardar shaidarsa kafin yaƙin 1914. Sai dai tun zuwansa birnin ya raba lokacinsa biyu, rabi ga karatu, rabi ga ƙananan ƙungiyoyin wasa.

A wancan zamani, duk wanda ke son a ɗauke shi ɗan wasa na gaske, ta ƙofar Conservatoire yake bi. An kafa makarantar cikin 1795 domin kiɗa, aka ƙara mata sashen furucin wasa cikin 1806, kuma daga cikinta ne gidan Comédie-Française yake ɗibar ƴan wasansa. Jarrabawar shiga ta baki ce: ɗalibi ya tsaya gaban alƙalai ya faɗi wani yanki na tsoffin wasanni. Jouvet yana da i'ina, ga shi dogo siriri, fuskarsa kuma ba irin wadda alƙalan ke nema ba ce. Sau uku ya gwada, sau uku aka mayar da shi. Iyakar abin da ya samu shi ne izinin zama cikin aji ya saurara, ba tare da an lissafa shi cikin ɗalibai ba.

Mai i'ina ba shi da zaɓi, dole ya lura da abin da sauran mutane ke yi ba tare da sun sani ba: inda ake jan numfashi, yawan kalmomin da numfashi ɗaya zai iya ɗauka, da sautin da harshe ke sarƙewa a kansa. Da haka Jouvet ya gina wata irin magana tasa, mai datsewa a inda ba a zata ba, sannan ta zubo a tare. Daga baya wannan magana ta zama tambarinsa, har masu kwaikwayon muryoyi suka riƙa cin abinci da ita.

3. Daga Copeau zuwa gidan Athénée

Cikin 1913 Jacques Copeau ya buɗe gidan wasa na Vieux-Colombier da niyyar tsabtace dandali daga yawan ado, a mayar da hankali ga rubutun marubuci da jikin ɗan wasa. Ya ɗauki Jouvet a matsayin mai kula da dandali, wato mai lura da katako da labule da fitilu, yana kuma fitowa a wasa. Fitowarsa a wasan Shakespeare da aka fassara da sunan La Nuit des rois, cikin 1914, ita ce ta fara sa masu sharhi suka riƙe sunansa. Da yaƙi ya ɓarke aka tura shi fagen fama cikin ma'aikatan jinya, saboda iliminsa na magani. Daga 1917 zuwa 1919 ya bi Copeau birnin New York, inda ƙungiyar ta yi wasanni da Faransanci a gidan Garrick. Bayan dawowarsu shi ya tsara sabon dandalin Vieux-Colombier, ya kuma ƙera wasu fitilu masu juyawa waɗanda aka laƙaba wa sunansa.

Cikin 1922 ya rabu da Copeau ya koma Comédie des Champs-Élysées. A nan ne, cikin Disamba 1923, ya fito a matsayin likita Knock a wasan Jules Romains, labarin wani likita da ya shawo kan gari guda cewa kowa maras lafiya ne. Ya yi wannan wasa fiye da sau dubu a rayuwarsa, kuma duk lokacin da aljihun gidan ya bushe, shi ake sake ɗorawa. Cikin 1927 ya haɗa kai da Charles Dullin da Gaston Baty da Georges Pitoëff suka kafa ƙawancen da ake kira Cartel, domin kare wasa mai daraja rubutu daga gidajen neman riba kawai. Shekara ɗaya bayan haka ya ɗora Siegfried, wasan farko na Jean Giraudoux, wanda ya zama abokin aikinsa na tsawon shekaru. Jimlolin Giraudoux dogaye ne, masu rassa, kuma masu sharhi da dama sun ɗauka ba za su faɗu a dandali ba. Jouvet ya nuna za su faɗu, in an san inda za a numfasa.

Cikin 1934 ya karɓi gidan Athénée, inda ya zauna har mutuwarsa. A wannan shekara ce kuma aka ba shi aji a Conservatoire, yana da shekara 46. Ya ci gaba da wasa yana koyarwa: La guerre de Troie n'aura pas lieu cikin 1935, L'École des femmes na Molière cikin 1936, Ondine cikin 1939. Cikin 1938 ya fito a fim ɗin Entrée des artistes na Marc Allégret a matsayin malamin wasa a wannan makaranta, kuma Bernard Blier, ɗalibinsa na gaske, yana cikin waɗanda suka fito a matsayin ɗalibai.

4. Abin da ya koyar

Za mu taƙaita koyarwarsa cikin batutuwa uku.

Batu na farko shi ne bambancin da ya yi tsakanin kalmomi biyu na Faransanci, acteur da comédien, waɗanda mu duka muke fassarawa da ɗan wasa. A wurinsa, acteur shi ne wanda ke jawo mutumin da marubuci ya ƙaga zuwa ga halinsa na kansa, ta yadda ko wane wasa ya fito shi ɗin dai ake gani. Comédien kuwa shi ne wanda ke share wuri cikin kansa domin wancan mutum ya shigo ya zauna. Ya bayyana wannan cikin littafinsa Réflexions du comédien na 1938. Abin lura shi ne, mutumin da kowa ke gane muryarsa daga jimla ɗaya, shi ne ya riƙa tura ɗalibansa zuwa hanya ta biyu.

Batu na biyu shi ne dangantakar abu uku: motsin rai, numfashi da jimla. A ganinsa, marubuci yana cikin wani hali lokacin da ya rubuta jimla, kuma wannan hali ne ya yanke mata tsawonta da saurinta. Ɗan wasa ba shi da hanyar shiga zuciyar marubucin da ya mutu tun ƙarni na 17, amma yana da jimlar. In ya maimaita ta har ya gano numfashin da ke iya ɗaukar ta daga farko zuwa ƙarshe, to ta wannan numfashi zai kusanci halin da ya haife ta. Wato marubuci ya taso daga motsin rai ya sauka a jimla, ɗan wasa kuma zai taso daga jimla ya koma ga motsin rai.

Wannan magana tana da tushe cikin tsarin sautin Faransanci. A wannan harshe kalma ba ta da gaɓar da ake dannawa ta dindindin kamar a Ingilishi. Dannawa tana faɗawa ne a gaɓar ƙarshe ta rukunin kalmomin da aka furta a tare. Saboda haka inda mai magana ya tsaya, nan ne rukuni ke ƙarewa, kuma nan ne nauyi ke sauka. Ɗan wasan da ya ƙara tsayawa biyu cikin jimla ya ƙara mata nauyi biyu da ba su cikinta, ya kuma sauya abin da mai sauraro zai ɗauka da muhimmanci. A wasannin da aka rubuta cikin waƙa, kamar L'École des femmes, ma'auni yana taimakawa, domin ɗango yana da gaɓa 12 da ɗan hutu bayan ta shida. A wasannin zube kuwa babu wannan sanda, sai waƙafi da aya, su ma ba kullum na marubucin ba ne. Dom Juan, alal misali, ba a buga shi ba Molière yana raye. Bugun farko ya fito cikin 1682, shekara 9 bayan mutuwarsa, kuma an datse wasu wurare. Mai karanta Hausar boko ya san irin wannan giɓi, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke cike su daga abin da ya sani. Giɓin da Jouvet ya sa wa ido yana a matakin jimla, namu yana a matakin gaɓa, amma a duka biyun takarda ba ta ɗauke da dukan magana.

Batu na uku shi ne yaƙin da ya yi da wayo. Ɗalibi mai basira yakan karanta rubutu ya fahimce shi, sannan ya hau dandali ya riƙa nuna wa jama'a fahimtarsa: ya danna wannan kalma, ya sassauta waccan, ya ɗan yi shiru domin a gane cewa wurin yana da ma'ana. Jouvet yana ganin wannan bayani ne a kan rubutu, mai bayani kuma yana tsaye a waje. Ya sha gargaɗin ɗalibai cewa in suka ji yanki ya zo musu da sauƙi, suna jin daɗin kansu a ciki, to su yi zargin sun koma ga dabarun da suka saba.

5. Darussa bakwai na 1940

Misalin da ya fi fito da wannan koyarwa shi ne darussa bakwai da ya ba wata ɗaliba tsakanin 14 ga Fabrairu da 21 ga Satumba 1940. A rubutun da aka buga an kira ta Claudia. Sunanta na gaskiya Paula Dehelly. Yankin da suke aiki a kai shi ne kashi na huɗu, fitowa ta shida, na Dom Juan. Elvire mace ce da Dom Juan ya fitar daga gidan masu ibada, ya aure ta, ya gudu ya bar ta. A kashi na ɗaya ta zo masa cikin fushi. A kashi na huɗu ta dawo lulluɓe, fushin ya tafi, ba ta neman komai domin kanta, ta zo ne ta roƙe shi ya tuba kafin azaba ta auka masa. Maganarta doguwa ce, kuma kusan ba a katse ta.

Claudia ɗaliba ce ƙwararriya, a shekararta ta ƙarshe, kuma ƙwarewar ce matsalarta. Tana rarraba maganar gida gida, tana yi wa kowace jimla nata launi. Jouvet ya yi ta tsayar da ita, wani lokaci tun daga takun shigowa, yana nuna mata cewa matar da ta zo ceton ran wanda take ƙauna ba ta da sararin zaɓen kalmomi. Tana shigowa ne cike da abin faɗa, maganar kuma tana fita da tafiya ɗaya, kamar wadda aka aiko. Duk inda ɗalibar ta tsaya domin ta gyara wata kalma, jama'a za su ga ƴar wasa tana aiki, Elvire kuma ta ɓace. Wata bakwai suka yi a kan waɗannan shafuka kaɗan.

Dole mu ajiye ranakun nan kusa da abin da ke faruwa a waje. An yi darussan farko Faransa tana cikin yaƙi amma ba a taɓa ƙasarta ba. Ranar 14 ga Yuni sojojin Jamus suka shiga Paris. An yi darussan Satumba a birnin da ke hannun abokan gaba. Ranar 3 ga Oktoba, kwana 12 bayan darasi na bakwai, gwamnatin Vichy ta sa hannu a dokar farko ta ware Yahudawa daga ayyuka da dama. Paula Dehelly Bayahudiya ce. Ta ci kyauta ta ɗaya a gasar fita daga makarantar, amma aka hana ta hawa dandali har ƙarshen mamayar. Ta tsira da ranta, bayan yaƙi kuma ta yi aiki a dandali da sanya murya a finafinai, ta rasu cikin 2008.

6. Charlotte Delbo da yadda darussan suka iso gare mu

Koyar da wasa aikin baka ne, kuma galibinsa yana mutuwa tare da malami. Abin da ya ceci na Jouvet shi ne rubutun gaggawa, wanda ake kira siteno. Cikin 1937 wata matashiya mai suna Charlotte Delbo ta yi hira da shi domin wata mujallar matasa. Da ya ga yadda ta mayar da maganarsa a takarda ba ta ɓata mata tafiya ba, sai ya ɗauke ta sakatariya. Ita ce ta riƙa zama cikin aji tana ɗaukar abin da malami da ɗalibai ke faɗa, har da maimaici da katsewa. Daga waɗannan takardu ne kamfanin Gallimard ya buga Molière et la comédie classique cikin 1965, da Tragédie classique et théâtre du XIXe siècle cikin 1968. Ke nan mutumin da ya ce takarda ba ta ɗauke da numfashi, ta takarda muka san ya faɗi haka, kuma muna karanta shi ne ta kunnen wata da ta iya saurare.

Cikin 1941 Delbo ta bi ƙungiyar Jouvet zuwa Amurka ta Kudu, amma a Nuwamba na wannan shekara ta koma Paris, duk da ya roƙe ta kada ta tafi, domin ta shiga gwagwarmayar ɓoye tare da mijinta Georges Dudach. An kama su ranar 2 ga Maris 1942. An harbe mijin cikin Mayu. Ita kuma aka kai ta Auschwitz cikin ayarin 24 ga Janairu 1943, mai mata 230, waɗanda 49 kawai suka dawo. A littattafan da ta rubuta daga baya ta ba da labarin yadda ita da abokan zamanta suka harhaɗa Le Malade imaginaire daga abin da suka haddace, suka yi wasan a sansanin Raisko, da yadda a Ravensbrück ta ba da rabonta na burodi ta karɓi ɗan littafin Le Misanthrope, ta haddace shi tana maimaitawa a zuci lokacin tsayuwar ƙidaya. Ta rasu cikin 1985.

Shekara ɗaya bayan rasuwarta, Brigitte Jaques ta ɗauki darussan nan bakwai ta mayar da su wasa mai suna Elvire Jouvet 40, aka fara nuna shi a Strasbourg cikin 1986, Philippe Clévenot a matsayin Jouvet, Maria de Medeiros a matsayin Claudia. Cikin 2016 Toni Servillo ya ɗora shi da Italiyanci a birnin Milan. Maganar baka ta zama rubutu, rubutun ya sake komawa baki, kuma ɗan wasan da ya fito a matsayin Jouvet sai da ya nemi numfashin jimlolinsa kamar yadda shi ya sa ɗalibai su nemi na Molière.

7. Tafiya, dawowa da mutuwa

Tafiyar Amurka ta Kudu ita ce wurin da tarihin Jouvet ya fi jawo muhawara. Ya bar Turai ta Lisbon cikin Yuni 1941, bai dawo ba sai Fabrairu 1945, bayan ya zagaya Birazil, Ajantina, Urugwai, Cile, Peru, Kolombiya, Kuba, Haiti, Meziko da wasu ƙasashe. Hujjar da ya bayar ita ce Jamusawa sun hana shi ɗora wasannin Romains da Giraudoux. Masu tarihi, musamman Denis Rolland, sun nuna cewa da tallafin gwamnatin Vichy aka fara tafiyar, a matsayin tallar al'adun Faransa, kuma magoya bayan de Gaulle a can sun dube ta da zargi, kafin dangantaka da Vichy ta yanke, ƙungiyar ta shiga ƙuncin kuɗi. Sannan an nuna sabon wasan Giraudoux, Sodome et Gomorrhe, a Paris cikin 1943, birnin yana hannun Jamus. Abin da za a iya cewa bisa adalci shi ne, tun daga 1941 bai yi wasa gaban masu mamaya ba, kuma bai yi gwagwarmaya da su ba. Ya tsare sana'arsa da ƙungiyarsa, yayin da ɗalibarsa da sakatariyarsa suka biya abin da shi bai biya ba.

Giraudoux ya mutu cikin Janairu 1944, Jouvet yana nesa. Bayan dawowarsa ya ɗora wasan da abokin nasa ya bari, La Folle de Chaillot, cikin Disamba 1945. Cikin 1947 ya ɗora Les Bonnes na Jean Genet, sannan a Disamba na wannan shekara ya ɗora Dom Juan, shi da kansa a matsayin Dom Juan, shekara 7 bayan darussan Claudia. Wasan ya daɗe a gefe cikin ayyukan Molière, kuma wannan fitowa tana cikin abin da ya dawo masa da martaba. Tartuffe ya biyo baya cikin 1950. Zuciyarsa ta buga yana tsakiyar gwajin wani wasa da aka ciro daga littafin Graham Greene, ya rasu a ofishinsa na Athénée ranar 16 ga Agusta 1951, yana da shekara 63. Gidan yana ɗauke da sunansa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa hanyar Jouvet zuwa aji ta bi ta i'ina, ta aikin katako da fitila a gidan Copeau, da kuma dogayen jimlolin Giraudoux, kuma kowane ɗaya ya bar alama cikin abin da ya koyar. Ga mai nazarin harshe, littattafan 1965 da 1968 taska ce ta fuska biyu. Suna ƙunshe da ra'ayin ma'aikaci a kan rukunin numfashi da dannawa, abin da ya dace a gwada da bayanan masu ilimin furuci. Su kansu kuma samfurin Faransancin baka ne na 1940, na malami yana gyara ɗalibi, da duk yankewa da komawa baya da ke cikin irin wannan zance. Muna ganin ɗalibanmu masu aiki a kan rubuta maganar baka za su amfana in suka ɗauki darasi ɗaya daga cikin bakwai ɗin, suka karanta shi da ƙarfi, suka sa alama a duk inda suka numfasa, sannan suka gwada alamominsu da waƙafin da ke kan shafin.